Tiya Biyu a Gidan Mai Bi

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan'uwana Kiristocin Mayahi da Tasawa: "Ibada daban, nema daban." Da ita muke wanke kanmu ranar kasuwa, bayan mun cika majami'a da waƙa ranar Lahadi. Ni dai na ce ƙarya ce, kuma tana cin bangaskiyarmu kamar yadda gara ke cin rumbu ta gindi.

Bara da kaka na raka yayata gidan wani dattijon ikilisiya don ta biya bashin damina. Mijinta ya tafi ci-rani Libiya, shiru ba aike. Tiya goma ta gero ta ci a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Ashirin ya ce ta kawo. Da aka zo awo, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tiya mai faɗin baki, wadda aka bubbuga gindinta ta yi zurfi, ya cika ta da tozo har yana tarewa da hannu. Yaya ta ce, "Baba, ai ba da wannan ka auna mini ba." Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, harkar nema ke nan." Lahadin da ta biyo, shi ya karɓi baiko, shi ya yi addu'ar rufewa.

Kiristoci a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Maƙwabcinka ba zai taka majami'a ba, ba zai buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake yana nan cikin Hausa tun 1932. Abin da yake karantawa shi ne tiyarka, da yadda kake sallamar ɗan ƙwadago da yamma, da muryar da kake yi wa matarka ta bayan danga. Inda masu bi suke da yawa, macuci ɗaya sai ya ɓace cikin taro. A ƙauyen da gidajenmu uku ne kacal, wake ɗaya ke ɓata gari.

Mu tambayi tarihi. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Wa ke tuna wa'azinsu yau? Amma ka tambayi tsoho a Kanembakashe, zai ba ka labarin asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da Danja, inda tun 1956 ake wanke gyambon kuturun da danginsa suka guje shi. Zai gaya maka yadda sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara da manoman Maraɗi a 1983, ya maido da itatuwa cikin gonaki. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, "Ai ceto ta wurin alheri ne, ba ayyuka ba." Haka ne, ban musa ba. To amma Zakka mai karɓar haraji, ranar da alherin ya shiga gidansa, aljihunsa ya fara taɓawa, ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Annabi Amos kuwa masu tauye mudu ya sa a gaba. Alherin da bai isa bakin rumbu ba, ina shakkar ya taɓa isa zuciya.

Wani kuma zai ce, "Mu da ake tsananta wa, da wanne za mu ji?" Ban manta ba. An ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, an ƙone wata a Maraɗi a watan Yunin 2019. Babu uzuri ga masu cinna wuta. Sai dai a ranakun tashin hankalin 2015, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ranar gobara. Shekaru ake yi ana tara ta, a bakin rijiya, a wurin zaman makoki, a gaban mai awo.

Masu cewa "kowa ma haka yake yi" kuwa, su sani malaman maƙwabtanmu ba su daina wa'azi kan riba da tauye mudu ba. Su ji da nasu, mu ji da namu.

Roƙona ga fastocinmu ɗaya ne. Kafin ku naɗa dattijo, ku bar duba yawan baikonsa da tsawon addu'arsa. Ku tambayi waɗanda yake bi bashi, ku tambayi 'yan ƙwadagonsa, ku sa Zumuntar Mata ta ji ta bakin iyalinsa. Wanda aka samu da tiya biyu, ya mayar da abin mutane kafin ya sake hawa bagadi.

Yayata ba ta daina zuwa sujada ba. Tana zama a bencin baya, ita da 'ya'yanta. Amma duk ranar da dattijon nan ya ce a rufe ido a yi addu'a, ita nata a buɗe suke.