Lambun Makaranta: Yadda Za Mu Fitar Da Baƙin Shuke-shuke Daga Hunturu

Damina ta yi sallama, iskar gabas ta fara kaɗawa, leɓuna sun fara tsagewa. Duk wanda ya fito sallar asuba a Tambuwal ko Kebbe kwanakin nan ya san hunturu ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Bara mun yi kuskuren da har yanzu yake mana ciwo. Mun tara kuɗi daga aljihunmu, muka sayi irin karas da kabeji da latas, muka dasa 'ya'yan mangwaro goma a bayan aji. Komai ya yi kore shar. Sai aka ba da hutun zango na farko a watan Disamba, kowa ya kama hanyar gida. Da muka dawo a Janairu, mangwaro biyu kaɗai muka tarar da rai, komayen kuma sun bushe ƙayau. Muka ce sanyi ne ya kashe su. Malamin aikin gona ya yi dariya, ya ce mu daina ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba.

Gaskiyarsa. A Ingila ko Kanada, mai lambu yana fama da ƙanƙara, wadda ke daskarar da ruwan da ke cikin ganye har ya mutu, shi ya sa suke gina wa shuke-shuken ƙasashen zafi ɗakunan gilashi. Mu sanyinmu bai kai nan ba. Ko a tsakiyar Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka ne zuwa wajen digiri 13 zuwa 15 da asuba, ruwa kuwa sai a sifiri yake daskarewa. Abin da ke kashe mana shuka shi ne busasshiyar iskar da ke tasowa daga Sahara, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Tana zuƙe ruwan ganye da na ƙasa fiye da yadda ƙaramar saiwa za ta iya maye gurbinsa. Sai kuma awaki, waɗanda ba su ga kore ko'ina ba sai a lambunmu.

Hasali ma, ga wasu baƙin, hunturu gata ne. Kabeji ɗan asalin Turai ne, karas kuma daga yankin Afganistan da Iran ya fito, latas daga ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Dukkansu sanyi suke so. Shi ya sa manoman fadamun Kebbe da maƙwabtanmu na Aliero, waɗanda suka yi suna da albasa, suke duƙufa ga noman rani a daidai wannan lokaci. Wa'adin dai gajere ne. Daga Maris zafi zai fara hawa, a Afrilu ya haura digiri 40. Latas ɗin da zafi ya riska yakan yi tsiri ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci, kabeji kuma ya ƙi dunƙulewa da kyau. Don haka wanda bai shuka ba daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya makara. Da sanyin safiya ake kama fara.

To, ga abin da za mu yi bana. Kafin mu zuba iri ko ɗaya, za mu kafa danga ta karan dawa ko zana, mu ƙara mata kauri ta gefen gabas da arewa, inda iskar ke fitowa. Ita ce za ta karya ƙarfin iska, ta kuma tare dabbobi.

Komaye za mu yi masu ɗan zurfi, ba kunya mai tudu ba, don ruwa ya tsaya a gindin shuka. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma sa karas ya fito da rassa kamar yatsu.

Kabeji da latas a wurin reno ake fara su, a dasa bayan mako huɗu zuwa biyar, da yamma, idan sun yi ganye huɗu ko biyar. Karas ba ya son dashe. A cuɗa irinsa da yashi, a yayyafa kai tsaye, a rufe da busasshiyar ciyawa har ya tsiro cikin kamar mako biyu. Bayan wata uku a tone shi.

Ban ruwa safe da yamma ne, kuma a shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindin shuka don laima ta daɗe. Lokaci-lokaci a yayyafa wa ganye ruwa, domin ƙurar da ta kwanta a kansa tana tare hasken da yake haɗa abinci da shi.

Su kuwa mangwaro da zogale, 'yan asalin yankin Indiya, da gwaiba da ta zo daga nahiyar Amurka, idan sun girma ba ruwansu da hunturu. Mangwaro ma a cikinsa yake fid da fure. Shekarar farko ce mai haɗari. A kewaye kowane da ƙaya, a binne tulun ƙasa a gefensa har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa har kwanaki.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya kayar da mu bara, wato hutu. Tun yanzu mun rubuta sunayen 'yan aji da gidajensu ke kusa da makaranta, mutum biyu kowace rana, mun kai wa shugaban makaranta da mai gadi takardar. Muna ba ku shawara ku yi haka kafin jarrabawa ta ɗauke hankalin kowa.

Ku aiko mana da labarin lambunku. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake jiƙa ganyen dogon yaro a kori ƙwarin kabeji ba tare da an sayi magani ba.