Digiri ba tare da taka ƙasa ba: yadda rashin tsaro da tsadar mai ke cinye aikin fili a jami'o'in Arewa

A ranar 25 ga Yuli, 2017, mayaƙan Boko Haram suka yi wa wata tawagar masu neman man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri na jihar Borno. Cikin tawagar akwai ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, masana kimiyyar duwatsu da albarkatun ƙasa, waɗanda kamfanin NNPC ya ɗauka domin binciken Tafkin Chadi. An kashe mutane da dama, sojoji da 'yan sa-kai da ma'aikatan jami'ar, aka kuma yi awon gaba da uku daga cikinsu, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Fabrairun 2018. Daga wannan rana duk shugaban sashen da ya zauna tsara fitar ɗalibai daji ya san cewa ko rakiyar soja ba ta hana ɓacin rana.

Karatun labarin ƙasa da na kimiyyar duwatsu ba ya kammala a cikin aji. Ɗalibi yana buƙatar ya riƙe guduma ya fasa dutse, ya duba ƙwayoyinsa da madubin hannu, ya ɗora kamfas ya auna inda shimfiɗar dutsen ta fuskanta da yadda ta karkata, ya rubuta komai a littafinsa kafin ya bar wurin, sannan ya koma ya zana taswira daga abin da idonsa ya gani. Ɗalibin labarin ƙasa kuma sai ya auna faɗin rafi da saurin ruwansa, ya haƙa rami ya karanta hawa-hawan ƙasar noma, ya nemi izinin mai unguwa ya zauna da manoma ya tambaye su. Akwai dabarun da sai a wurin ake koyonsu: yadda ake zaɓen samfuri don kada a ɗebo na bakin hanya kaɗai, yadda ake raba abin da aka gani da abin da aka zata, da yadda ake gane amsar da aka bayar don kawai a sallami baƙo.

Abin takaici shi ne, wuraren da suka fi dacewa da wannan koyo su ne suka fi haɗari a yau. Jerin duwatsun da ke ɗauke da zinare a Arewa maso Yamma sun ratsa Anka da Maru a Zamfara, da Birnin Gwari a Kaduna, da Zuru a Kebbi, duk sunayen da aka fi ji a labaran 'yan bindiga. Shimfiɗun ƙasar Sakkwato da ke adana burbushin halittun tsohon teku, da tsaunukan Filato masu kuza, da kwarin Tafkin Chadi, kowanne yana da irin nasa rikicin. Ko a harabar makaranta ɗalibai ba su tsira ba: an sace 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris na 2021, an kuma kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida a Satumban 2023. Uban da ya ga haka, da wuya ya yarda 'yarsa ta yi mako biyu a tanti a bayan wani ƙauye.

Matsala ta biyu kuɗi ne. Aikin fili mota ne da mai da abinci da masauki. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. A al'adar jami'o'inmu ɗalibi ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin fita, ga shi kuɗin rajista ma ya tashi. Sai kuma yajin aiki, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Idan aka dawo ana gaggawar cike giɓi, abin da ya fi sauƙin datsewa shi ne fitar da ke cin kwanaki, domin ba ta shiga jadawalin jarrabawa yadda lacca ke shiga. Dutsen Kufena a Zariya da Dala da Goron Dutse a Kano suna da darasin da za su koyar, amma wanda iyakar saninsa duwatsun bayan makarantarsa ne, bai shirya wa aikin ƙasa baki ɗaya ba.

Wasu za su ce zamani ya wuce guduma, tunda ga hotunan tauraron ɗan Adam kyauta a intanet, ga manhajojin taswira, ga jirage marasa matuƙi. Gaskiya ne waɗannan sun sauƙaƙa aiki, kuma dole ɗalibi ya iya su. Najeriya ma ta yi binciken ƙasarta ta jirgin sama a shekarun 2000, sannan a 2017 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don bunƙasa fannin ma'adinai. Sai dai abin da jirgi ke gani alama ce kawai. Dole wani ya je ya tabbatar ko launin da ya fito a allon kwamfuta jijiyar ma'adini ce ko wani abu dabam. Wanda bai taɓa kwatanta hoto da ƙasa ba, ba zai san ranar da hoton ya yaudare shi ba.

Mun riga mun ga farashin rashin ido a ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinare mai haɗe da dalma a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da duniya bayan yara sun fara mutuwa. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 da ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, su ma sun nuna bukatar mutanen da suka san hanyar ruwa da ƙafarsu, waɗanda za su iya cewa nan ba wurin gini ba ne.

A daidai wannan lokaci ne gwamnati ke tallata ma'adinai a matsayin magajin man fetur. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022. An buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Nasarawa a 2024, a Disamban shekarar kuma aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya wa Zamfara tun 2019. Tambayar da ba a yi ita ce: wa zai yi aikin? Kamfani yana neman wanda zai iya bayyana samfurin da aka zaro daga rami, ya kuma zana taswirar da za a zuba miliyoyi a kanta. Idan 'ya'yan yankin sun fito da takarda babu hannu, kujerun ƙwararru za su tafi ga wasu, su kuma a bar su da lebura a ƙasar kakanninsu.

Arewa ta san amfanin wannan aiki. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyuka irin su Dagaceri da karkarar Kano. Abin da ya tattara ya ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa yawan jama'a da noman talaka ne kawai ke jawo hamada, ya nuna yadda manoma ke kare ƙasarsu da taki da itatuwa. Doguwar zama da mutane ce ta haifar da wannan sani.

Gyaran ba ya buƙatar jiran ƙarshen rikici. Sabon tsarin manhajar da hukumar NUC ta fitar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kuma ana iya ware wa aikin fili rabo mai ƙarfi a ciki. Asusun TETFund, da ke gina ɗakunan lacca, zai iya ware kaso na musamman don motoci da kayan awo da sansanonin haɗin gwiwa a wuraren da ke da sauƙin tsaro, inda jami'o'i da dama za su riƙa tura ɗalibai bi da bi. Majalisar COMEG, mai yi wa masana fannin rajista tun bayan dokar 1990, za ta iya neman shaidar kwanakin da ɗalibi ya yi a fili kafin ta amince da sashe. Kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da masu lasisin haƙa su ma a wajabta musu karɓar ɗalibai a ramukansu.

Ga ƙungiyoyin ɗalibai kuwa, akwai tambayoyi uku da ya dace su kai gaban hukumar jami'a a rubuce: kwana nawa manhaja ta tanada wa aikin fili, kwana nawa aka yi a zahiri a zangon da ya wuce, kuma ina kuɗin fitar da aka karɓa ya shiga.