Tsoron durƙushewar tattalin arziki: Ko tsabar zinariya da azurfa za ta cece mai ita?

A duk lokacin da aka shiga fargabar cewa tattalin arzikin duniya na dab da durƙushewa, hankalin jama'a kan koma kan zinariya da azurfa.

Haka ya faru a shekara ta 2008, lokacin da manyan bankunan Amurka suka shiga rudani, inda farashin oza ɗaya na zinariya ya haura dala 1,000 a karon farko. A 2020, shekarar annobar korona, ya zarce dala 2,000, sannan a watan Oktoban 2025 ya tsallake dala 4,000.

Su ma manyan bankunan ƙasashe ba a bar su a baya ba, domin alkaluman Majalisar Zinariya ta Duniya sun nuna cewa sun sayi fiye da tan dubu ɗaya a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024.

A Turai da Amurka wannan tsoro ya shafi har masu sha'awar tara tsoffin kuɗaɗe, inda mutanen da ba ruwansu da tarihi suka shigo kasuwar, suna neman tsabar ne don nauyin ƙarfen da ke cikinta.

A garuruwa irin su Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, tara tsabar kuɗi don sha'awa ba sananniyar al'ada ba ce. Amma tambayar da ke bayan lamarin tsohuwa ce a yankin: a ina mutum zai ajiye guminsa idan kuɗin da ke hannunsa ya fara lalacewa?

Darasin wuri

Ƙasar Gwandu ta taɓa ganin mutuwar kuɗi da idonta.

A ƙarni na 19, lokacin da Gwandu ke matsayin hedikwatar yammacin Daular Usmaniyya, wadda aka damƙa wa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da wuri ake ciniki a kasuwanni irin na Jega. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka a Gwandu a 1853, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500 a Kano.

To amma daga tsakiyar ƙarnin, 'yan kasuwar Jamus sun riƙa jigilar wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Da ya yawaita sai darajarsa ta zube, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara.

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, sun hana shigo da wuri, suka kuma karkata haraji zuwa ga nasu kuɗin. Daga nan aka san anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule. Wanda ya tara dukiyarsa a buhunan wuri ya wayi gari da abin ado kawai.

Waɗanda suka riƙe riyal na azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ba su yi irin wannan asara ba. Ko da aka daina ciniki da shi, maƙeran farfaru na saye don narkarwa, mata kuma na rataya shi.

A 1920 ma, da azurfa ta yi tsada a duniya, hukumar kuɗi ta Turawan mulki ta maye gurbin sulallan azurfa da na gamin tagulla, jama'a kuwa suka riƙa ɓoye tsoffin.

Naira da raunin amana

'Yan zamani su ma sun ɗanɗana tasu. Naira, wadda ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, ta sha canje-canje.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun kuɗi cikin ɗan ƙanƙanin wa'adi. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsabar kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu, amma ba su karɓu ba, domin babu abin kirki da za su iya saya.

Sai kuma sauyin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoban 2022, wanda ya haifar da ƙarancin kuɗi a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Mazauna karkara, inda rassan bankuna ba su da yawa, su ne suka fi jin jiki.

Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. A watan Disambar shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Wannan ne ya sa masu lura da al'amura ke ganin cewa abin da ke tsorata manomin shinkafa a Kalgo ko ɗan kasuwa a Gwandu ya fi kusa da gida: yadda ajiyarsa ke zaizayewa tsakanin kaka da bazara.

Ba duk fari ne azurfa ba

Sai dai komawa ga tsabar ƙarfe na da nasa haɗarin.

Na farko shi ne ruɗu game da tsufa. Riyal na Mariya Tereza na ɗauke da shekarar 1780, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara har zuwa zamanin nan, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi. Nauyinsa kusan giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Yawancinsu ba su wuce darajar wannan azurfa ba, ga kuma na jabu.

Haka anini da kwabo mai huda. Suna da daraja ta tarihi, amma ƙarfensu ba mai tsada ba ne, kuma an buga su da yawan gaske. A lokacin yunwa da wuya a sami mai ba da tiyar gero a kansu.

Na biyu, zinariya ma tana faɗuwa. Wanda ya saya a 1980 a kan dala 850 sai da ya jira har 2008 kafin farashin ya dawo. Daga kusan dala 1,900 a 2011, ta sauko zuwa kusan dala 1,050 a ƙarshen 2015.

Na uku shi ne tsaro. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, labarin cewa wane na da zinariya a ɗaka na iya zama sanadin halaka.

Zakka da arzikin ƙasa

Ga Musulmi akwai kuma batun hakkin Allah. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa kuma dirhami 200, kimanin giram 595. Idan shekara ta zagayo a kansu, za a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Malamai kan yi gargaɗi game da taskace su ba tare da fitar da wannan hakki ba.

Wasu ƙasashen sun gwada dawo da dinari. Jihar Kelantan ta Malesiya ta ƙaddamar da nata a 2010, amma babban bankin ƙasar bai amince da shi a matsayin kuɗin hukuma ba.

Ita kanta Kebbi tana da zinariya a yankin Yawuri, kuma tana cikin jihohin farko a shirin gwamnatin tarayya na tsara aikin ƙananan masu haƙar ma'adinai. A watan Yulin 2020 aka gabatar da zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka samar ƙarƙashin shirin, wadda Babban Banki ya saya.

Masana tattalin arziki kan ba da shawarar kada a zuba dukiya wuri guda. Magidanta a Gwandu da Kalgo sun daɗe da wannan tsari: shinkafa a rumbu, tumaki a turke, gona a fadama, sai 'yar zinariya a akwatin uwargida, wadda ake fitarwa idan rashin lafiya ko aurar da 'ya ya taso.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi za su iya maido da amanar jama'a ga naira. Idan suka gaza, to maƙeran zinariya da dillalan dabbobi ne za su ci gaba da zama bankin talaka.