Mai Rabon Faɗa Ma Yana Buƙatar Kariya



Yau za mu tattauna a kan wani ma'aikaci da kusan kowa ke buƙatarsa ranar da gida ya rikice, amma ba kasafai ake tambayar halin da shi kansa yake ciki ba. Shi ne jami'in walwalar jama'a na gwamnati, wanda za ka tarar a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a asibiti, ko a gidan marayu irin na Nasarawa a Kano, ko a gidan gyaran tarbiyyar yara irin na Goron Dutse. Shi ake kai wa jaririn da aka tsinta. Shi ke zaunar da mijin da ya daina ciyar da 'ya'yansa bayan saki. Shi ke rubuta rahoton da alƙali zai duba kafin ya yanke hukuncin wanda zai riƙe yaro. Wani lokaci ma mace ce, kuma ita kaɗai take shiga gidan da aka yi wa yarinya fyaɗe, alhali dangin wanda ake zargi suna tsaye a ƙofa suna harararta.

Ra'ayinmu shi ne, wanda aka tura ya tsaya tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi dole a ba shi kariyar da ta fi ta ma'aikacin da ke zaune a ofis. Kuma yawancin wannan kariya tana nan a rubuce cikin dokokin Najeriya, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Mu fara da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, kuma mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a taɓa albashin ma'aikaci. Idan aka ji wa jami'a rauni a bakin aiki, ko ta yi haɗari a hanyarta ta zuwa aiki, tana da haƙƙin magani da diyya. Dokar ta ambaci har da damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, abin da ya fi shafar wanda ke kwana yana tashi da labarin yaran da aka azabtar. Sai dai akwai wa'adi: a sanar da shugabannin wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Wanda bai san wannan ba, haƙƙinsa na iya salwanta yana zaune.

Sai Dokar Fansho ta 2014. Ma'aikaci yana zuba kashi 8, mai ba da aiki kashi 10. Ta kuma wajabta inshorar rai, wadda idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki za a ba magadansa aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara. Idan kuma aka kori jami'i ko aka danne masa ƙarin girma don ya ƙi sauya rahoto, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙararsa, tun bayan gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010. A 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin walwalar jama'a, ta yi wa masu yin sa rajista, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya ke da tasu.

To ina gizo ke saƙar? Mafi yawan waɗannan jami'ai ma'aikatan jiha ne ko na ƙaramar hukuma, kuma kowace jiha da nata tsarin fansho da nata saurin biya. Dokar diyya ba ta amfanar wanda ba a yi masa rajista ba, ba a kuma zuba kuɗinsa ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da makamantanta da jihohi suka yi daga baya sun ɗora wa jami'in walwala nauyi mai yawa, amma ƙarin nauyin bai zo da abin hawa ba, bai zo da lauyan da zai tsaya masa ba.

Wasu za su ce ai aikin lada ne, wasu su ce gwamnati ba ta da kuɗi. Lada daban, haƙƙi daban, ba a biyan kuɗin makarantar yara da yabo. Batun kuɗi kuwa, mu dubi abin da rashin kariyar ke jawowa. Jami'ar da ta san cewa idan aka yi mata duka babu mai biyan kuɗin asibitinta, za ta yi tunani sau biyu kafin ta koma gidan nan. Jami'in da ya san waya guda daga wani babba ta isa a mayar da shi ƙauye mai nisa, zai sassauta alƙalaminsa. A ƙarshe yarinyar da aka zalunta ce ke biyan farashin, domin mai tsaya matan ya ji tsoro.

Abin da muke ganin ya dace ba shi da wuyar faɗi. Jihohi da ƙananan hukumomi su yi wa jami'ansu rajistar diyya da inshorar rai, su kuma riƙa zuba kuɗin a kan lokaci. A ba su alawus na haɗarin aiki kamar yadda ake ba ma'aikatan lafiya. A daina tura mutum ɗaya gidan da ake rikici, a haɗa shi da abokin aiki ko jami'in tsaro. Ma'aikatar shari'a ta tsaya wa duk wanda aka kai ƙara saboda aikin da ya yi bisa ƙa'ida. Su ma jami'an su riƙe ƙungiyarsu da kyau, su riƙa rubuta duk barazanar da aka yi musu da ranar da aka yi ta, domin kotu da takarda take aiki.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami, labaranmu cike suke da marayu da sakakkun mata, amma da wuya ka ga jami'ar walwala a ciki. Kafin mu saka ta, mu je mu zauna da ita mu ji daga bakinta, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan a cikinmu akwai masu wannan aiki, ko waɗanda suka taɓa shiga ofishinsu da wata damuwa, muna jiran jin abin da suka gani.