Lasisin bindiga ba zai kare Gangare ba

Tun da Bello Matawalle, yana gwamnan Zamfara, ya ce talakawa su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, kiran ya ƙi mutuwa. Duk harin da aka kai ƙauyukan Filato sai kiran ya sake tasowa. Mun san zafin da ke ran masu kiran. Amma mutanen unguwar Gangare sun ga 2001, 2008 da 2010, lokacin da adduna da fetur suka cinye unguwanni a Jos. Ina ga bindiga gida-gida? A Amurka, ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta daɗe tana hana majalisa tsaurara dokar bindiga. Tamu dokar ta 1959 ta tsufa. Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara ta, ta tsananta hukuncin masu safara da maƙeran ɓoye.