Ba kowane tabo a tafin ƙafa ne cin-ruwa ba: gyaran da Asusun Kansa ke buƙata

A Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori, kamar sauran garuruwan noma tsakanin Funtua da Malumfashi, manomi na wuni da ƙafa cikin laka duk tsawon damina. Shi ya sa idan baƙin tabo ya fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, nan take ake cewa cin-ruwa ne ko faso, a garzaya kemis a sayo man shafawa. Galibi hasashen kan zo daidai. Amma akwai kansar fata mai suna melanoma wadda a jikin baƙar fata ta fi fitowa a waɗannan wurare, kuma da fari kamanninsu ɗaya ne da cutar naman gwari.

Ita ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka gano ta a ƙarƙashin farcen ɗan yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana ɗan shekara 36.

Abin da ke raba rai da ajali a wannan cuta shi ne zurfinta a lokacin da aka gano ta. Idan kaurinta bai kai milimita 1 ba, tiyatar cire wurin kan wadatar. Idan kuwa aka shafe watanni ana shafa magani har kaluluwa ta fito a matsematsi, ta riga ta fara bazuwa. Tabbatar da ita sai an yanki ɗan nama an duba a ɗakin gwaji, aikin da ke kai mutumin Tsiga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko na tarayya da ke Katsina.

A nan siyasa ta shigo. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza wato furostet. Kansar fata ba ta cikin ukun. Cibiyar kansar da aka buɗe a Katsina a 2025 ci gaba ne, sai dai na'ura ba ta ceton wanda ya iso a makare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya matakin farko, kuma a can ne ake fara ganin ƙafar manomi.

Saboda haka akwai buƙatu uku da ya dace matasa su riƙa gabatar wa masu neman ƙuri'a: a saka kansar fata cikin asusun, a horar da ma'aikatan asibitocin ƙauye da masu kemis su san lokacin tura majinyaci gaba, sannan a samar da hanyar aika samfurin nama daga manyan asibitocin Funtua da Malumfashi zuwa ɗakin gwaji.

Kafin nan, duk tabon da ke girma, ko yake zubar da jini, ko ya ƙi jin magani bayan 'yan makonni, da kuma gyambon da ya daɗe bai warke ba, likita ya kamata ya gani.