Karenka ba aljani ya gani ba, ruwa yake nema

A watan Afrilun da ya wuce, wani maƙwabcina a Takur da ke Dutse ya sayo ɗan kwikwiyo irin na ƙasar waje, wanda ake kira German Shepherd. Kwana uku unguwa ba ta yi barci ba. Wannan kuka ya bambanta da haushin da muka sani na ganin baƙo. Wani siririn kuka ne mai kama da na yaro ɗan shagwaɓa, ya ɗauka ya sauke har asuba. Wata dattijuwa ta ce aljanu yake gani. Wani ya ce mutuwa yake kira. Mai gidan kuwa bulala ya ɗauko.

Da na leƙa da rana, sai na ga abin da karen ke gani: keji na ƙarfe, rufin kwano, daɓen siminti, da kwanon ruwan da ya kife tun safe. Duk wanda ya san Dutse a bazara ya san zafi kan haura digiri 40, ga duwatsun garin suna mayar da hucin rana har bayan isha'i. Kare kuwa ba ya gumi a jiki kamar mu. Ta haki yake sanyaya kansa, ya zaro harshe. Ka ɗauki dabba mai gashi biyu-biyu, wadda aka samar don sanyin Jamus, ka kulle ta ƙarƙashin kwano, sannan ka ce laifin aljanu ne?

Ra'ayina shi ne, mafi yawan kukan nan mu muke jawo shi, kuma mu muke koya wa kare ya ci gaba da shi.

Kiwon kare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mafarautan ƙauyukan Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sun gaji karnukansu kaka da kakanni, kuma da wuya ka ji karen mafarauci yana irin wannan kuka. Yana yawo, yana aiki, yana kwana kusa da 'yan'uwansa. Abin da ya sauya shi ne kiwon birni. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, gidaje masu katanga suka yawaita, tsoron ɓarayi ya ƙaru, sai kare ya koma kamar kwado a ƙofa: a saya, a ɗaure, a manta. Dabbar da aka halitta don zama cikin garke ta wayi gari ita kaɗai a sarƙa, dare da rana.

Kafin a ce kare yana shagwaɓa, a fara duba jikinsa. Akwai ruwa mai sanyi a inuwa? Ya ci abinci? A buɗe kunnuwansa da tsakanin yatsunsa a nemi kaska, domin kaska tana shan jini kuma tana sa zazzaɓi. Kwikwiyo mai kumburin ciki yawanci tsutsa ce. Idan babban kare da bai saba kuka ba ya fara kwatsam, ko yana ɗingishi, ko ya ƙi abinci, wannan aikin likitan dabbobi ne, ba na bulala ba. Sannan a tambayi shekarunsa: masu sayarwa kan raba kwikwiyo da uwarsa yana wata ɗaya saboda kuɗi, alhali likitoci na ba da shawarar a bari ya kai mako 8. Irin wannan dole ya yi kukan maraici.

Akwai kukan da ba a wasa da shi. Idan muryar kare ta sauya, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, ko yana cizon duk abin da ya gani, a nisance shi, a killace shi, a kira ma'aikatan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Allurar rigakafin kare tana farawa daga wata 3, kuma cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato tana yin ta a nan gida. Kuɗinta bai kai na buhun abincin da wasu ke saya don burga ba.

To idan lafiyarsa lau, ya ƙoshi, ya sha, amma bai daina ba fa? A nan ne laifinmu ya fi fitowa. Kare ya yi kuka, uwargida ta jefa masa ƙashi don ya yi shiru. Gobe ya yi, yaro ya fito ya shafa kansa. Jibi ya yi, maigida ya fito da tsawa. A wurin karen da ya yini shi kaɗai, tsawar ma riba ce, domin ya samu wani ya fito. Mafi muni shi ne a ƙyale shi sau huɗu, a amsa a na biyar. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da nuna cewa ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi kama zuciya, irin yadda caca ke riƙe ɗan caca. Ka koya masa cewa naci yana biya.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Kada a je wurinsa yana cikin kuka. A jira ya yi shiru, ko na ɗan lokaci kaɗan ne, sannan a fito da abinci ko a sake shi. A kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, kuma a nan yawancin mutane ke karaya. Dole kowa a gidan ya bi doka ɗaya, har mai gadi. A tsayar da lokacin abinci. A fita da shi da sassafe ko bayan la'asar ya yi tafiya ya gaji, domin gajiyayyen kare barci yake yi. Duka kuwa ba ya koyar da komai sai tsoro, kuma karen da ke tsoro shi ne wata rana zai cafki ɗan maƙwabci.

Na san wasu za su ce ana fama da tsadar masara, wa ke ta kare? Gaskiya ne. Amma babu wanda ya tilasta maka kawo shi. Tun muna makarantar allo muka ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga azaba saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wanda ba zai iya ba da inuwa da ruwa ba, ya sayi fitilar sola da kwado mai kyau.

Maƙwabcin nawa dai ya mayar da kejin ƙarƙashin darbejiya, ya sa bahon ruwa mai nauyi da ba ya kifewa, ɗansa kuma na zagayawa da karen kullum bayan sallar asuba. Cikin mako biyu muka koma barci. Dattijuwar har yanzu ta ce addu'arta ce ta kori aljanun, ni kuma ban yi mata musu ba.